Yadda Za Ka Zaɓi Inji Mai Ƙarin Ƙarfi Ba Tare Da Motarka Ta Koma 'Yar Gareji Ba

Motar da ake fitowa da ita ranar Lahadi da yamma, a taka totur a tayar da ƙura a mayar da ita gida, ba ɗaya take da motar da za ta kai yara makaranta ƙarfe bakwai, ta tsaya a cunkoson 'Yankura da rana tsaka, Juma'a kuma ta kama hanyar Katsina ba. Ta farko ko ta yi wata a gareji babu wanda zai rasa abinci. Ta biyu idan ta ƙi tashi da safe, gidan gaba ɗaya ya shiga Keke. Wannan bayani na mai mota ta biyun ne, wanda ƙarfin motarsa ya daina isarsa, ko injinsa ya gaji yana tunanin tunda za a sauke, gara a ɗora wanda ya fi.

Mataki na farko: ka faɗa wa kanka gaskiyar abin da kake nema

Kafin ka je wurin bakanike, ka yi mako guda kana lura da tuƙinka. Yaushe ne kake jin motar ta gaza? Yawancin mutane amsarsu ɗaya ce: lokacin wuce tirela a hanya mai hannu biyu, ko hawan tudu da mutum biyar da kaya a but da AC a kunne. Wannan ƙarfin ja ne a ƙasa da tsakiya, tsakanin juyi 2,000 zuwa 4,000 a minti. Ba shi ne adadin ƙarfin doki da ake rubutawa a takarda ba, domin shi wannan adadin sai allura ta kusa jan layi ake samunsa.

Ga misali. Corolla ta 2003 zuwa 2008 tana zuwa da injin 1ZZ-FE, lita 1.8, ƙarfin doki wajen 130. Yana da ɗan'uwa mai suna 2ZZ-GE, shi ma lita 1.8, wanda ke ba da 180 a Celica GT-S, kuma samari na mafarkin ɗora shi. Amma ƙarin ƙarfinsa ba ya fitowa sai inji ya haura juyi 6,000. A cikin gari, daga wannan danja zuwa waccan, ba za ka ji wani bambancin kirki ba. Za ka kashe kuɗi ne ka sayi ƙarfin da ba za ka taɓa shi ba sai sau biyu a wata.

Mataki na biyu: ka dawo da motar yadda kamfani ya yi ta tukuna

Mutane da yawa da ke neman ƙarin ƙarfi, nasu na asali ne ya zube a hanya. Fulogi na jabu, matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu, nozul ya yi datti, famfon mai ya raunana, indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, ya narke ya toshe hanyar hayaƙi. Kowane ɗaya yana cin rabonsa. A sa wa motar kwamfuta a karanta abin da birenbos, wato ƙwaƙwalwar motar, ke faɗi, a auna matsin kowane silinda, a gyara waɗannan. Na sha ganin wanda ya zo da niyyar sauke inji, aka canza masa fulogi da kwayil ɗaya aka wanke nozul, ya koma gida yana cewa ai motar ba ta taɓa gudu haka ba. Idan bayan wannan har yanzu ba ta ishe ka ba, to sai mu ci gaba.

Mataki na uku: zaɓen hanya

Hanyoyi uku ne a gabanka, kuma ba daidai suke wajen kwanciyar hankali ba.

Wadda na fi yarda da ita ita ce a ɗora babban injin da kamfanin da kansa ya taɓa sa wa irin wannan bodin. Camry ta 2002 zuwa 2006, wadda ake kira Big Daddy, ta fito da 2AZ-FE mai silinda huɗu, ta kuma fito da 1MZ-FE mai silinda shida. Wadda ta biyo ta, Muscle, akwai mai 2AZ-FE mai ƙarfin doki 158, akwai mai 2GR-FE, lita 3.5, mai 268. Amfanin wannan hanya shi ne injiniyoyin Toyota sun riga sun yi maka lissafi: mazaunin inji, girman lagireto, giyabos, shaf, duk akwai su a kasuwa, ba sai an kira mai walda ya ƙirƙiro ba. Sai dai in faɗa maka abin da mai sayar da inji ba zai faɗa ba: sau da yawa ya fi sauƙi da arha ka sayar da mai silinda huɗun ka cika kuɗi ka sayi mai shida da aka haifa a haka. Ka yi wannan lissafin a takarda kafin ka taɓa sifana.

Ta biyu ita ce a bar injinka a yi masa ƙananan gyare-gyare: hanyar hayaƙi mai ɗan faɗi, a sake saita birenbos, ko a ɗora ɗan'uwansa na gida ɗaya da ya ɗan fi shi. Masu Honda Accord ta 2003 zuwa 2005, wadda ake kira EOD, suna da K24A4 mai ƙarfin doki 160, kuma akwai K24A2 na Acura TSX mai 200, wanda girmansu ɗaya. Yana zama a wurin, amma birenbos ɗinsu da tsarin bawul ɗinsu ba ɗaya ba ne, don haka aikin rewaya ne fiye da na bakanike. A injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ƙananan gyare-gyare ba sa kawo abin a zo a gani. Ƙara ce ke ƙaruwa fiye da gudu. Wanda ya ce maka salansa kaɗai za ta ƙara maka doki talatin, kuɗinka yake so.

Ta uku ita ce a ɗaura turbo a injin da ba a yi shi da turbo ba. Ita ce mai ba da ƙarfi na gaske, ita ce kuma mai cinye mutum. Ga motar yau da kullum a ƙasar nan ba na ba da shawararta, sai in kana da wata motar a gida da kuma mai saita birenbos wanda ka ga aikinsa ya shekara yana yawo a titi. In ka nace, kada matsin iskar turbo ya wuce psi 5 zuwa 7 a injin da ba a taɓa cikinsa ba, a sa na'urar sanyaya iskar, a sa manyan nozul, kuma kada a tuƙa ko kilomita ɗaya kafin a saita birenbos. Garin neman gira ake rasa ido.

Mataki na huɗu: ka zaɓi inji da man da za ka samu, ba wanda ya kamata ka samu ba

A nan nake so in daɗe, domin a nan ne yawancin injinan da aka ƙara wa ƙarfi suke mutuwa. Kowane inji yana matse iska da fetur kafin fulogi ya kunna. Gwargwadon yawan matsewar, gwargwadon ingancin fetur ɗin da yake buƙata. 1ZZ-FE yana matsewa kashi 10 zuwa 1, K24A4 kashi 9.7, K24A2 kashi 10.5, shi kuwa 2ZZ-GE har 11.5. A Amurka da Japan mai irin waɗannan na ƙarshe yana zuwa gidan mai ya zaɓi famfon fetur mai daraja. Mu a nan famfo ɗaya ne, abin da tanka ta kawo shi za ka sha, wani lokaci ma a galan a bakin titi.

Idan fetur bai kai ba, sai ya riƙa fashewa da kansa kafin lokaci. Za ka ji wata 'yar ƙara kamar ana girgiza tsakuwa a gwangwanin madara, musamman in ka taka totur a babban giya kana hawan tudu da rana. Wannan ba shi ne nokin da kanikawa ke nufi ba in inji ya kame, amma shi ne hanyar zuwa can: yana cinye gefen fistin, yana fasa ring, yana ƙona gasket. Injinan zamani suna da na'urar da ke jin wannan ƙarar ta sa birenbos ya ja da baya, kuma da zarar ya ja, ƙarfin da ka biya kuɗi dominsa ya tafi. Zafi yana ƙara tsananta abin, ga shi a Kano da Sakkwato da Maiduguri cikin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40.

Saboda haka ka'idata: ga motar kullum, inji mai girma da matsi matsakaici ya fi ƙaramin inji da aka takura. Lita 2.4 da ke aiki cikin nutsuwa zai fi lita 1.8 da aka wahalar daɗewa lafiya. Kuma duk wanda zai saita maka birenbos, ka ce masa ya saita da fetur ɗin da kake sha kullum, da rana, ya kuma bar rata. Kada ya matso duk abin da injin zai iya. Ya tsaya nesa da iyaka.

Idan za a buɗe cikin inji a canza kaya, ga abin da masu talla a intanet ba sa faɗa. Fistin na tsere da ake yi da alminiyon 2618 yana buɗewa sosai in ya yi zafi, don haka ana ba shi sarari mai yawa a silinda; da sanyin safiya yana kaɗawa, yana kuma cin bango a hankali. Ga motar da ake tayarwa sau biyar a rana, na 4032 ko ma na kamfani ya fi dacewa. Haka babban kamshaf: yana ba da ƙarfi a sama, amma silo, wato juyin inji in ba a taka totur ba, ya lalace, mota ta riƙa mutuwa a cunkoso in an kunna AC. Kuloci mai tauri na tsere kuwa, gwiwarka ta hagu ce za ta ba ka labari bayan mako biyu.

Mataki na biyar: sanin halin injin kafin a saya

Babu injin da ba shi da lagonsa, kuma gara ka san shi tun a gida. 2AZ-FE na farkon shekarun 2000 yana da matsalar zaren kusoshin kan inji: in ya taɓa yin zafi sosai, zaren da ke cikin bulok na alminiyo yakan zame, gasket ya riƙa yoyo ta baya, kuma ɗaure shi da ƙarfi ba ya magani sai an dasa sabon zare. Na 2007 zuwa 2009 kuma an san shi da shan baƙin mai saboda ring. 1ZZ-FE na farko-farko shi ma yana shan mai. 1MZ-FE ba ya yafe jinkirin juye, sai ya tara dasƙararren mai kamar kwalta, kuma bel ne ke juya taimin ɗinsa, ba sarƙa ba. Accord V6 ta 2003 da 2004 injinta lafiyayye ne amma giyabos ɗinta mai canza kansa ya ba mutane wahala har Honda ta kira motocin gyara.

Sai tambaya ta biyu: in motar ta tsaya maka a Funtuwa ko Azare, akwai wanda ya san injin, akwai kayansa? Ka zaga Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka tambayi kwayil, famfon ruwa, gasket da na'urorin injin da kake so. In shago uku sun ce sai an aiko daga kasuwar Ladipo ta Legas, wannan ba injin motar kullum ba ne, komai daɗinsa.

Mataki na shida: ranar sayen inji

Kada ka je kai kaɗai, kuma kada ka tura bakanike shi kaɗai. Ku je tare. Injin Beljiyam da aka wanke yana ƙyalli kamar sabo, ni tsoro yake ba ni. Na fi son wanda ya zo da ƙurarsa, domin a jikinsa ake karanta inda yake yoyo. Ga abin da za ku yi a wurin:

A buɗe murfin zuba mai a haska tocila. Launin zuma ko ruwan ƙasa mai haske, lafiya. Baƙin dasƙare, ko fari-fari kamar madara, a wuce. In mai shago ya yarda a cire murfin bawul gaba ɗaya, ya fi. A ciro fulogi huɗun ko shidan a jera su a kan kwali yadda suke a inji: wanda ya jiƙe da mai, ko wanda ya yi fes fiye da 'yan'uwansa kamar an wanke shi da tururi, yana nuna silindar da ke da matsala. A sa sifana a juya kiransha da hannu zagaye biyu, a ji ko yana tafiya sumul da turjiyar matsi daidai-daidai. A duba kusoshin kan inji da na kaskon mai: in kawunansu sun ci sifana, ko ga jan gam ya bulbulo ta gefe, an taɓa buɗe shi, kuma mai yiwuwa a nan gida aka yi masa kwaskwarima aka shafa masa ƙura. In da hali a haɗa batir da kik a auna matsi; bambanci tsakanin silinda mafi ƙarfi da mafi rauni kada ya wuce kashi 10 cikin 100.

Idan inji ne daban da naka, ka saye shi da jama'arsa: birenbos, wayoyinsa ba a yanke ba, na'urorinsa, giyabos, mazaunai, da makulli tare da na'urar tsaronsa in motar tana da ita. Wani maƙwabcina ya ɗora silinda shida a Camry ɗinsa, ya ce zai yi tsimi, ya bar lagireto da fankar mai silinda huɗu, rewaya kuma ya yi ta ɗinkin wayoyi da salatif har kwana tara. Motar ta yi gudu kam. Sati na uku, a cunkoson shiga Zariya, allurar zafi ta haye, kafin ya samu gefen titi ruwa ya gauraye da mai. Kuɗin da ya ƙi kashewa a lagireto ya ninka shi a kan inji.

Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin, da yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce, ba ta fatar baki ba. Ka tambaya tun a wurin: in ya ƙi, canzawa za a yi ko mayar da kuɗi, kuma wa zai biya kuɗin saukewa?

Mataki na bakwai: sanyaya, mai, iska

Ƙarin ƙarfi ƙarin zafi ne, babu yadda za a yi. Lagireto ya zama na injin da aka ɗora ko wanda ya fi shi. Sai kuma al'adar nan ta cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. Kada ka yarda. Tamostat na Toyota yana buɗewa ne wajen digiri 82, kuma birenbos yana lissafin fetur da wannan zafin. In inji ya ƙi ɗumama sai birenbos ya yi ta zuba fetur, fetur ɗin ya wanke bangon silinda, ring ya ci. In mota tana zafi, akwai dalili: lagireto ya toshe, murfinsa ya saki, famfon ruwa ya cinye, ko fanka ta mutu. A zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya, ba na rijiya ba, wanda ke cin alminiyo yana barin gishiri a bututu.

Baƙin mai kuma a bi abin da aka rubuta wa injin. Yawancin waɗannan da na ambata 5W-30 ko 5W-20 aka yi su da shi, kuma na'urar VVT-i da VTEC, masu sarrafa bawul, da matsin mai suke aiki ta ƙananan ramuka. Zuba musu 20W-50 don kawai shi aka saba da shi tun zamanin Fijo 504 yana jinkirta isar mai sama da safe. Da ƙurarmu da cunkosonmu, juye duk kilomita 5,000 ba ɓarna ba ce.

Matatar iska mai siffar mazurari da ake barinta a buɗe cikin bonet, a cire ta daga lissafi. Iskar zafin inji take shaƙa, kuma ƙurar Disamba tana ratsa ta. Akwatin kamfani da matatar takarda mai kyau ya fi ta a nan.

Mataki na takwas: abin da zai ɗauki ƙarfin, da abin da zai tsayar da shi

Giyabos yana da iyakarsa, musamman mai canza kansa. In an ƙara ƙarfi a ƙara masa ƙaramin lagireton sanyaya mai, a kuma zuba masa ainihin man da aka rubuta. Birki da taya su riga inji gyaruwa. Silinda shida ya fi huɗu nauyi, don haka sifirin da shokazoban gaba su ma na mai shidan ake sawa, in ba haka ba gaban motar zai riƙa dukan ƙasa a kowane tudun rage gudu.

Ga masu niyyar haɗa wa motar gas na CNG, wanda ya yawaita tun bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023: ka yanke shawarar tun kafin zaɓen inji. Gas ba ya saurin fashewa kafin lokaci, wannan alheri ne, amma ƙarfi yakan ɗan ragu, kuma yana wahalar da bawul ɗin hayaƙi, don haka a riƙa auna ratar bawul a kai a kai. A K24 da sukudireba da sifana ake saita ta. A 1ZZ-FE sai an ciro kamshaf an canza kofunan. Tukunyar gas ɗin tana ɗaukar matsi har 200 a ma'aunin bar, saboda haka ba aikin mai walda ba ne, sai cibiyar da aka tantance.

Mataki na tara: watan farko

Ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kuɗin aikin a gefe, domin sai an tayar da inji ƙananan abubuwa ke fitowa: tiyo, na'ura, mazauni, bel. Kafin a ɗora shi a canza duk abin da ke da wahalar kaiwa in yana cikin mota, wato silin bayan kiransha, famfon ruwa, tamostat, da bel ɗin taimin in mai bel ne.

In an yi wa injin ring da metal, kilomita 1,000 na farko a bi shi a hankali, ana sauya gudu, ba a barinsa yana silo na awa guda ba, sannan a yi juye. Kowace safiya kafin ka tayar, ka ja sandar mai ka duba, ka leƙa robar ruwa, ka kalli ƙasan inda motar ta kwana. Ka sayi 'yar na'urar OBD2 mai karanta bayanan inji da ake haɗawa da waya; zafin ruwa ya zauna tsakanin digiri 85 da 95 a tafiya, gyaran fetur da birenbos ke yi kuma kada ya wuce kashi 10 sama ko ƙasa. Wutar cek injin in ta kama, a karanta dalili. Rewayan da ya ce bari ya cire ƙwan, ka karɓi makullinka.

Kada ka kama doguwar hanya sai motar ta yi mako biyu a gari, ta kuma tsaya rabin awa a rana da AC a kunne allura ba ta motsa ba. Sannan ka ɗauki rasit ɗin nan ka je ofishin lasisi a gyara lambar inji a takardun mota, tun kafin wani jami'i a shingen hanya ya ce ka buɗe bonet.